"Ai Ya Ɗauka" Ba Lissafi Ba Ne

Yau faɗa na zo yi, amma faɗa ne da alƙaluma a hannu, don haka wanda zai mayar mini da martani shi ma ya taho da nasa.

Akwai wata magana da na gaji da ji a wuraren gini, kalma uku ce kacal: "ai ya ɗauka." An rage rodi, ai ya ɗauka. An ɗora tanki mai lita 5,000 inda aka yi lissafin mai 2,000, ai ya ɗauka. An ƙara hawa a kan gidan da ba a zana shi don ƙari ba, ai ya ɗauka, je ka gani da idonka yana nan tsaye. Da wannan maganar ake rufe bakin injiniya, kuma da ita ake kafa hujjar cewa duk lissafin nan nasu hanyar cin kuɗin mai gida ce kawai.

Kwanakin baya wani Alhaji, abokin yayana ne, ya roƙe ni in leƙa masa ginin shagunan da yake yi, bene hawa ɗaya. Zane ya ce a sa rodi 16 guda huɗu a ƙasan kowane bim. Da na hau na duba, sai na tarar da rodi 12 guda huɗu. An riga an zuba bim biyu a haka, saura suna jiran kankare. Na tambayi mai ɗaurin rodin, ya ce, "Injiniya, shekarata ashirin a aikin nan, huɗu aka ce, huɗu na sa." Alhaji kuma ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan boko tsoro ya yi muku yawa. Daga 16 zuwa 12 ai huɗu ne kawai bambanci. Kuma na ji an ce ku da kanku rabin ƙarfin rodi kuke lissafawa, sauran rabin kuna ajiye wa wa?"

To wannan tambayar ta ƙarshe ita nake so in amsa, don ba tambayar banza ba ce. Gaskiya ne, kusan rabi muke lissafawa. Abin da Alhaji bai sani ba shi ne sauran rabin ba ajiya ba ce, yana da masu shi.

Ɗauki cokalin ƙarfe ka ɗan tanƙwara shi kaɗan ka saki, zai koma yadda yake. Ƙara ƙarfi ka tanƙwara shi sosai, sai ka ga ya tsaya a karkace, ya ƙi komawa. Tsakanin waɗannan biyun akwai wata gaɓa, bari mu kira ta gaɓar saduda. Kafin ta, ƙarfe yana aiki kamar danƙo: ka ninka kaya ya ninka miƙewa, ka sauke kaya ya dawo. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya wallafa wannan ƙa'idar tun 1678. Bayan gaɓar kuwa, ƙarfe ya shiga miƙewar da ba dawowa. Bai tsinke ba tukuna, amma bim ɗin da yake cikinsa ya fara zaunawa, tsaga tana buɗewa, ba kuma za ta rufe ba.

Abin da ake aunawa ba nauyin kaya gaba ɗaya ba ne, rabon da ya faɗa wa kowace murabba'in milimita ta kaurin ƙarfen ne. Injiniyoyi suna ce masa sitires, ni zan riƙa ce masa ɗawainiya. Ana ƙirga ta da niyutan a kan murabba'in milimita, kuma niyutan 10 kusan kilo ɗaya ne. Rodi mai santsi yana saduda a wajen 250. Rodi mai zane-zane a jiki, wanda aka fi gini da shi yanzu, ana buga shi a matsayin 460 ko 500, amma injiniyoyi da yawa a Najeriya 410 suke sawa a lissafi, don sun san kasuwarsu.

Tsarin da ake kira lissafin ɗawainiyar da aka yarje mai sauƙi ne. Ka tara duk nauyin da gini zai ɗauka a aikinsa na yau da kullum, ka fitar da ɗawainiyar da za ta faɗa wa ƙarfe da kankare, sannan ka tabbatar ba ta wuce wata iyaka ba wadda ke can ƙasa da gaɓar saduda. Tsohon kundin Birtaniya na ginin kankare, CP 114, wanda aka daɗe ana aiki da shi a nan ƙasar, ya yarje wa rodi mai santsi 140 daga cikin 250 ɗinsa. Mai zane-zane kuma kashi 55 cikin ɗari na ƙarfinsa, kada ya haura 230. A Amurka, masu ginin ƙarfe suna raba ƙarfin saduda da 1.67, wato kashi 60 cikin ɗari. Ka ga ƙasashe daban, kundi daban, amma duk a unguwa ɗaya suka sauka.

Yanzu mu koma bim ɗin Alhaji. Ɗauko kalkuletar wayarka mu yi tare.

Ƙarfin rodi ba a lambar kaurinsa yake ba, a faɗin fuskarsa yake in ka yanke shi. Rodi 16 yana da murabba'in milimita 201. Rodi 12 yana da 113. Wato "huɗu kawai" ɗin nan ya kwashe kashi 44 cikin ɗari na ƙarfen. In rodin na 410 ne, iyakar da aka yarje masa ita ce wajen 225. Rodi 16 a kan 225 zai ja kusan tan 4.6, kuma aikin da zane ya ba kowane ɗaya ke nan. Ka ɗora wannan tan 4.6 a kan rodi 12, ɗawainiyarsa ta tashi zuwa kusan 400. Yana saduda a 410. Da wata fuskar, an ba shi kayan tan 4.6, shi kuma ƙarshen ƙarfinsa tan 4.7 ne. Wannan fa in rodin ya cika 12 ke nan. In 11 ne aka sayar maka da sunan 12, fuskarsa 95 ce, yana saduda a wajen tan 4, kayan sun riga sun fi ƙarfinsa tun a takarda.

Sai ka ce to me ya sa bai faɗi ba? Saboda kayan ba su gama zuwa ba. Lissafi ya haɗa da filasta, da tayil, da bangon da za a ja a sama, da mutane, da hajar da za a jibge. Ranar da aka cire katako aka ga bim yana tsaye, nauyin kansa da na dekin kawai yake ɗauke da su. Wannan ce jarrabawar da ya ci, ake ta tafa masa. Babbar jarrabawar tana gaba, kuma ranar da za a yi ta akwai mutane a ƙasa.

Shi ya sa "yana nan tsaye" ba ta gaya maka komai. Benen nan mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi, ranar 31 ga Oktoba 2021 yana tsaye. Washegari 1 ga Nuwamba ya zube, mutum fiye da 40 suka mutu. Benen titin Beirut a Kano da ya rufta a ƙarshen Agusta 2022, da safiyar ranar yana tsaye. Makarantar nan ta Jos da ta rufta wa ɗalibai ranar 12 ga Yuli 2024 aka rasa rai 22, ranar 11 ga wata an yi karatu a cikinta an tashi lafiya. Duk ginin da ya taɓa faɗuwa a duniya, sai da ya ɗauka tukuna.

To su waye masu wancan rabin da Alhaji yake ganin an ajiye a banza?

Na farko kamfanin rodi da ɗan kasuwar da ya sayar maka. Injiniya ya rubuta 410 ne a ofis, bai ga rodin ba. Wani rodin an narka shi daga ƙarafan bola ba tare da an kula da haɗin ba, ka zo lanƙwasa shi ya tsage a gwiwa. Wani kuma an rage masa kauri. Wannan na biyun kai ma za ka iya kama shi, ba sai da ɗakin gwaji ba. Yanke mita ɗaya daidai ka ɗora a sikeli. Rodi 10 ya kamata ya ba ka gram 617, rodi 12 gram 888, rodi 16 kilo 1.58. In kana son na kowace lamba, ninka lambar da kanta ka raba da 162, abin da ya fito shi ne kilo a mita ɗaya. In mita ɗaya na "12" ya ba ka gram 750, to 11 ka saya. Mutumin da ba zai karɓi kwanon shinkafa ba sai an cika masa ya yi tozo, shi ne zai sauke tirelar rodi bai auna ko guda ba. Abin yana ba ni mamaki wallahi.

Na biyu masu kwaɓa kankare. A CP 114, kankaren haɗin 1:2:4 ana sa ran ya kai ƙarfin 21 bayan kwana 28, amma 7 kawai aka yarje a ɗora masa a bim. Kashi ɗaya cikin uku. Me ya sa aka fi tsananta wa kankare fiye da ƙarfe? Domin ƙarfe a masana'anta ake yin sa, kankare kuwa a tsakar rana ake yin sa da shebur da kwanon sarki, lebura ya gaji ya ƙara ruwa don ya yi saurin zuba, yashi da laka a ciki, an zuba ba a girgiza ba, kwana biyu aka yi ana ba shi ruwa aka daina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana gutsurar ƙarfinsa. Sannan halinsu ba ɗaya ba ne. Ƙarfe mai kyau yana ba da sanarwa, ya miƙe, bim ya lotsa, tsaga ta fito, a samu lokacin gudu. Kankaren da aka matse fiye da kima ba ya sallama, fashewa yake yi. Shi ya sa wasa da ginshiƙi ya fi wasa da bim muni.

Na uku kai kanka mai gida, da magadanka, da ɗan hayar da ba a haifa ba tukuna. Dekin gidan zama ana lissafa masa kayan kilo 150 a kowace murabba'in mita, ban da nauyin kansa. Buhun masara ɗaya da rabi ke nan. Shekara biyar a gaba an mayar da ɗakin sito, an jera buhuna sun kusa taɓa silin. Ko an mayar da shi aji, ko wurin biki ana tsalle. Injiniya ba ya nan ranar, rarar da ya bari ce kawai take nan.

Na huɗu shi injiniyan da kansa, don lissafinsa kwatanci ne. Yana ɗauka ƙasa za ta zauna daidai, rodi yana daidai inda aka zana shi, ba wanda ya taka shi ya nutse ranar zubi, ba mai aikin famfo da zai zo ya huda bim ya wuce da bututu. Na biyar kuma tsatsa, wadda ba ta gaggawa, yau da gobe ce sana'arta.

Duk waɗannan daga tukunya ɗaya suke ci. In ka cinye ta tun ranar ɗaurin rodi, sauran in sun zo me za su tarar?

Kada kuma wani ya ɗauka wannan ciwon na birkila da mai ɗaurin rodi ne kawai. Manya ma ya kayar da su. A farkon ƙarni na 20 an tashi gina gadar Kwebek a kan kogin St. Lawrence a Kanada, aka ɗauko Theodore Cooper, ɗaya daga cikin injiniyoyin gada da aka fi ji da su a Amurka a lokacin. Ya sa aka ƙara tsawon tsakiyar gadar daga mita 488 zuwa 549, wanda zai sa ta zarce kowace gada irinta a duniya. Ya kuma yarje wa ƙarfen ɗawainiyar da ta haura abin da aka saba. An ƙara tsawo, amma ba a sake lissafin nauyin gadar yadda ya kamata ba. Da aka gano ƙarafan sun fi nauyin da aka ƙiyasta, aiki ya riga ya yi nisa, Cooper ya duba ya ce ƙarin kashi 7 zuwa 10 ne, za a iya jurewa. Wato "ai zai ɗauka", amma da Turanci da satifiket. A watan Agusta 1907 aka ga manyan ƙarafan ƙasa suna karkacewa. Aka yi ta muhawara, wasu na cewa ai dama a karkace suka zo daga masana'anta, aiki kuma bai tsaya ba. Ranar 29 ga wata Cooper ya aika waya daga New York cewa kada a ƙara kaya, saƙon bai isa wurin aikin a kan lokaci ba. Da yammacin ranar gadar ta zube cikin daƙiƙu, ma'aikata 75 cikin 86 suka mutu. Kashi 7 zuwa 10 fa. Alhajinmu kashi 78 ya ƙara wa rodinsa.

Na san abin da wasu ƙannenmu da suka fito daga jami'a kwanan nan za su ce: wannan tsohon yayi ne, an daina lissafi da shi. Haka ne, a ginin kankare an koma wani tsarin tun daga CP 110 na 1972, sai BS 8110 na 1985, yanzu kuma kundin Turai. Kuma tsohon tsarin yana da aibinsa na gaske, ba zan ɓoye ba. Yana yi wa nauyin dekin, wanda aka sani kusan daidai, da nauyin hajar ɗan haya, wanda ba wanda ya sani, kuɗin goro. Sabon tsarin ya raba su: BS 8110 yana ninka nauyin gini da 1.4, na kaya da mutane da 1.6, sannan ya ɗan rage ƙarfin rodi. Amma haɗa su ka gani, za ka dawo wajen 1.6 zuwa 1.8. Rarar ba ta tafi ko'ina ba, wuri aka sauya mata. Duk wanda ya ce maka sabon ilimi ya halatta a kai rodi bakin saduda a aikin yau da kullum, bai karanta tsohon ba, bai gane sabon ba.

In an bi ta ɓarawo kuma a bi ta mabi sawu. Zargin da masu gida suke yi ba daga sama ya faɗo ba. Akwai injiniyan da ba ya lissafi, zanen wani ginin yake kwafowa ya cika shi da rodi don ya kwana lafiya, kuɗin ba nasa ba ne. Akwai mai sayar da hatiminsa a kan zanen da bai buɗe ba, bai kuma taɓa taka wurin ginin ba. Waɗannan su suka zubar mana da mutunci, har ya zama in ka ce 16 ana jin kamar ciniki ka buɗe, a taya 12. Amma maganin injiniyan da kake zargi shi ne wani injiniyan mai rajistar COREN ya sake lissafin, ka biya shi, ya sa hannu. In rodin ya yi yawa zai rage maka da hujja, kuma sau da yawa kuɗin da za ka tsira da shi ya fi ladansa. Ka ce a nuna maka lamba biyu: ɗawainiyar da ke kan rodin, da iyakar da aka yarje. Wanda ya yi lissafi zai nuna maka cikin minti biyar. Abin da ba magani ba shi ne ka tsaya a gindin gini da mai ɗaurin rodi ku yanke hukunci da ido.

Ido ba ya ganin waɗannan abubuwan, matsalar ke nan. Ido yana ganin an matsar da ginshiƙi daga mita 4 zuwa mita 5 don shago ya yi faɗi, ya ce mita ɗaya ce. Lissafi yana cewa ɗawainiyar bim ta ƙaru da kashi 56 cikin ɗari, don tazara ninka kanta take yi, lotsawa kuma ta kusa ninki biyu da rabi.

Masu walda ku ma ku matso, don taku ta fi saurin kisa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 5,000 tan 5 ne a sama da kan yara masu ɗiban ruwa. Kuma ƙafar tanki ba ta jiran gaɓar saduda. Dogon ƙarfe siriri in aka danna shi daga sama, gefe yake gocewa ya lanƙwashe, kamar karan dawa in ka dogara a kansa. Shi ya sa a kundin ginin ƙarfe iyakar da aka yarje wa ƙafa tana raguwa yayin da tsawonta yake ƙaruwa. Siririyar ƙafa in ka ninka tsawonta ba ka ƙara mata ɗaurin gicciye ba, kashi ɗaya cikin huɗu na kayan da take ɗauka da za ta iya. Mai gida ya ce ruwa ba ya hawa bene, a ƙara wa tankin tsawo, ka jona bututu iri ɗaya ka ƙara, ka cire gicciyen ƙasa don a samu wurin ajiye janareta. An cika tanki, an tsaya an kalla, ai ya ɗauka. Sai iskar farkon damina ta zo.

Shi Alhaji, na zauna na rubuta masa lissafin nan a bayan takardar siminti, tan 4.6 da tan 4.7, na ce ranka ya daɗe ga abin da ka saya. Ya yi shiru, sannan ya ce a canza rodin sauran bim ɗin, aka canza. Biyun da aka riga aka zuba kuwa ya ce ba zai fasa ba, asarar ta yi yawa. Na ce to aƙalla a kira wanda ya yi zanen ya zo ya duba yadda za a tallafe su, kuma kafin nan kada a ɗora kaya mai nauyi a ɓangaren. Ya ce in sha Allahu.

Makon jiya na bi ta layin. An yi fenti, ginin ya yi kyau abinsa, shagunan ƙasa duk an kama, har da mai shayi a bakin baranda. A saman, daidai kan bim biyun nan, an rataye allo an rubuta: sito na haya.